Likita Kafin Zaure: Abin Da Za Mu Yi Idan An Yi Wa Namu Fyaɗe

Shekarun baya, wata rana da damina bayan sallar isha'i, maƙwabciyata ta faɗo gidanmu ko sallama babu, ta kama hannuna ta ja ni. Ɗiyarta mai shekara 12 ce ta dawo daga tallar awara, ba tire, ba kuɗi, tana tafiya da ƙyar. Na iske yarinyar tsugune bayan randa, ta dunƙule kamar kazar da ruwa ya doka. Kakarta ta riga ta ɗora tukunyar ruwan zafi da bagaruwa, zanen kuma yana cikin bokiti an jiƙa shi da sabulu. Ni da hannuna na cuɗa zanen nan, na matse, na shanya a igiya. A raina taimako nake yi.

Washegari maza suka zauna a zaure. Wanda ya yi abin ɗan unguwa ne, an san ubansa, sahu ɗaya ake tsayawa da shi a masallaci. Aka yi ta zama ana tashi, wannan ya ce a rufa asiri, wancan ya ce a bar wa Allah. Sai a kwana na shida, da zazzaɓi ya rufe yarinyar, muka kai ta likita. Ungozomar ta tambayi ranar da abin ya faru. Da muka faɗa, ta ajiye biro, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce: "Da kun kawo ta cikin kwana uku, akwai maganin da zan ba ta ya tsare ta daga sida, wato ƙanjamau. Yanzu sai dai mu auna, mu jira." Wata uku muka yi muna jiran nan. Allah Ya tsare, awon ya fito lafiya, amma uwar ta rame har wuyanta ya fito.

Tun daga ranar nake tambaya, nake koyo a bakin ungozomomi da masu aikin shari'a. Abin da na tattara shi ne zan shimfiɗa a nan, daki-daki. Kwana ukun farko na yarinya ne. Duk wani zama, duk wata shawarar dangi, za su iya jira. Jikinta ba zai jira ba.

Maganar farko da za ta fito daga bakinki

Yaro ko babba, wanda aka yi wa fyaɗe yakan faɗa wa mutum ɗaya ne tukuna, ya ga yadda fuskarsa za ta yi. In ya ga tsawa ko zargi, sai ya haɗiye sauran, wani lokaci har tsufa. To, in ke ce aka zaɓa, ko kai, ku san an ɗora muku amana mai nauyi.

Ja ta wuri mai sirri, nesa da yara da kishiyoyi da masu leƙe. Ki zauna ƙasa daidai da ita. Ki riƙe salatinki da kukanki har sai kin keɓe, don idan ta ga kin rikice za ta ɗauka ita ce ta jawo miki bala'i. Abu uku take bukatar ji, kuma ki faɗe su da baki, kada ki ce ai ta sani: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Ina tare da ke."

Akwai tambayoyin da ke saurin zuwa bakinmu, ni ma na taɓa yin su: Me ya kai ki ɗakinsa? Me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa sai yanzu kike faɗa? Kowace ɗaya cikinsu mari ce. Tsoro idan ya kai maƙura yakan daskarar da mutum, murya ta ɗauke, ƙafa ta ƙi motsi. Wannan halittar jiki ce, yana faruwa har ga ƙarti majiya ƙarfi, kuma ba yarda ba ce. Balle wadda aka nuna wa wuƙa, ko aka ce za a kashe uwarta in ta faɗa.

Idan ƙaramin yaro ne, kada ki sa masa magana a baki. Kada ki ce "wane ne ko?" Ki ce kawai, "faɗa mini abin da ya faru," ki bar shi ya faɗa da kalmominsa. Ki riƙe su yadda ya faɗe su, in da hali ki rubuta, da rana da lokaci. Kada a yi ta kiransa yana maimaitawa gaban gwaggo, gaban kawu, gaban maƙwabta. Duk maimaitawa fama ce ga miki, kuma labari yana cakuɗewa a bakin yaro idan an yawaita tambaya.

Sannan ki tabbatar wanda ya yi ba zai sake kai wa gare ta ba a daren nan. In a gidan yake, ta kwana wurin wata 'yar'uwa amintacciya.

Kada a wanke, kada a gasa

Nan ne muka yi kuskure, nan ne kuma yawancin gidaje ke yi, don hannun uwa wanka yake fara nema. Ita ma yarinyar ji take kamar ta kankare fatarta. Ki lallashe ta ta ɗan jinkirta har likita ya gani. Abin da ke jikinta da tufafinta shaida ne: jini, maniyyi, gashi, ƙasar wurin, yagewar zane.

Ba wanka, ba tsarki da sabulu, ba zama cikin ruwan zafi da bagaruwa ko gishiri, ba cusa wani magani. Ruwan zafi yana iya ƙona wurin da ya riga ya yage, abin da ake cusawa kuma yana iya shigar da cuta. In fitsari ya matse ta, ta yi abinta. In ta riga ta canza kaya, a ɗauki waɗanda ta cire, har ɗan kamfai, a naɗe cikin takarda mai tsabta ko wani zane busasshe. Kada a sa a leda. Leda tana riƙe danshi, kaya su yi fumfuna, shaida ta lalace. Tabarma ko zanen gadon da abin ya faru a kai ma a ajiye.

In akwai saƙonni a salula, ko murya ta WhatsApp, ko lambar da ta yi ta kira, kada a goge komai saboda fushi.

Kada wata tsohuwa ta ce za ta "duba" ta gani ko an taɓa yarinya. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce duban budurci ba shi da tushe a ilimin likita, ido ko yatsa ba sa iya tabbatar da komai, sai dai ƙarin wulaƙanci. Haka kuma rashin ganin rauni ba ya nufin ba a yi ba. Da yawa ana yi musu fyaɗe ba a ga ko ƙwarzane.

In kuwa an riga an yi wankan, an wanke zanen kamar yadda muka yi, kada wannan ya karya muku gwiwa. Ku tafi likita hakanan. Magani ba ya dogara da shaida.

Likita, kuma yau, ba gobe ba

Ba sai kun fara biyawa wurin 'yan sanda ba kafin a duba mara lafiya. Ku nufi CSI mafi kusa, wato ƙaramar likitar gwamnati ta unguwa ko ƙauye. A cikin garin Maradi akwai babbar likitar jiha ta CHR, da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, da likitar referans. Gundumomi kamar Tasawa, Madarunfa, Gidan Runji, Agye, Mayahi da Dakoro kowace tana da tata likita. In dare ne, a nemi mai kabu-kabu ko adaidaita da aka yarda da shi, ba sai an yi masa bayani ba. In jini yana zuba bai tsaya ba, ko ta suma, ko cikinta yana murɗawa sosai, ko an shaƙe ta numfashi yana mata wuya, ko an buga mata kai, ko fitsari da kashi suna zubowa ba ta iya riƙewa, wannan gaggawa ce ta rai da mutuwa. A Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, ta 'yan sanda 17.

Da kun isa, kada a tsaya kwana-kwana da magana. Mun saba mu ce "ba ta jin daɗi" ko "ta faɗi ne". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki nemi ganin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin, ko ungozoma a keɓe, ki ce: "An yi mata fyaɗe, rana kaza, ƙarfe kaza." Da wannan ne za su san maganin da ya dace. Sirrin mara lafiya wajibi ne a kansu. Yarinyar tana da damar ta nemi mace ta duba ta, ta nemi ki tsaya kusa da ita, ta kuma ce a dakata in abin ya yi mata yawa.

Ga abin da ya kamata ku tambaya da bakinku, don wani lokaci cunkoso yana sa a tsallake wani abu.

Na farko, maganin kariya daga sida. Dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku cif daga lokacin da abin ya faru, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfin kariyarsa. Wanda aka fara a daren farko ya fi wanda aka fara a rana ta uku. Ana sha kullum har kwana 28 ba fashi. Za a fara auna jininta, kada wannan ya tsorata ku, awon farko yana nuna halin da take ciki ne tun kafin abin. Maganin yakan kawo tashin zuciya, kasala da ciwon kai a makon farko, kuma nan ne da yawa ke ajiye shi. Kada a ajiye. A koma a faɗa wa likita, akwai abin da zai sauƙaƙa. Mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin ba ta a lokaci ɗaya kullum, a haɗa shi da wata sallar don kada a manta. In CSI ɗin ba su da shi, ku ce su rubuta muku takarda zuwa inda yake a ranar, kada ku yarda da "ku dawo Litinin".

Na biyu, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa. Tana aiki har zuwa kwana biyar, awa 120, amma ita ma ta fi ƙarfi a farkon kwanakin. Bari in tsaya nan kaɗan, don na ji iyaye suna ƙin ta da tunanin zubar da ciki ne. Ba haka ba ne. Abin da take yi shi ne jinkirta fitar ƙwan mace don kada cikin ya shiga tun farko, in kuwa ya riga ya zauna ba ta taɓa shi. Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi, ko da ba ta fara ganin al'ada ba, a faɗa wa ungozoma ta duba ko tana bukata. In ta yi amai cikin awa biyu da sha, a koma a sake.

Na uku, maganin ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Ana bayarwa tun kafin alama ta fito. Sai allurar rigakafin ciwon hanta ga wadda ba a taɓa yi wa ba, da ta sarƙe-haƙora in akwai rauni, da ɗinki in ya kama.

Idan kwana ukun sun wuce, ko mako, ko ma wata, har yanzu ku je. Ciwon sanyi yana warkewa da magani, rauni yana son kulawa, ana auna ciki, ana auna jini. In al'adarta ta yi jinkiri fiye da mako, a koma. In ciki ya bayyana, ina roƙonku da girman Allah kada a ɗura mata jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin 'yan tebur. 'Yan mata da yawa sun tafi lahira ta wannan hanyar, jini ya ɓalle cikin ɗaki ana tsoron fitowa. A zauna da ungozoma a ji shawararta.

Kafin ku bar likita, ku nemi takardar shaidar likita, wadda ake cewa sartifika. A ciki likita yake rubuta abin da aka faɗa masa da abin da ya gani. Ko ba ku yanke shawarar kai ƙara ba, ku karɓa ku adana, ku yi fotokofi biyu ko uku, kada ku taɓa ba da ta asali ba ku riƙe wata ba. Rauni yana warkewa cikin kwanaki, takarda tana nan. In maganar kuɗi ta tsaya muku, ku tambayi ofishin sosiyal na likitar, mai taimaka wa marasa hali.

Yanzu sai zaure

Za su zo. Wani lokaci tun kafin ku dawo daga likita an shimfiɗa tabarma. Za a zo da dattijo mai furfura wanda ake jin nauyinsa, a ce ɗan gida ne, a ce sharrin shaiɗan ne, a bar kaza cikin gashinta, wa zai aure ta in magana ta fita. Wani lokaci a ajiye jika hamsin ko ɗari a gefen tabarma, a ce na magani ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban raina zumunci ba, kuma na san zafin zaman unguwa ɗaya da mutanen da ka kai ɗansu kaso. Amma ku dubi asirin wa ake rufawa. Yarinya dai unguwa ta riga ta sani, ana nuna ta da baki a bakin famfo. Wanda aka rufa wa shi ne mai laifin, shi kuwa abin da ya koya shi ne abin yana da farashi, kuma yana iya biya. A unguwarmu, wanda aka rufa wa asirin nan bai shekara biyu ba aka sake jin sunansa da wata yarinyar.

Mafi muni cikin duk shawarwarin zaure shi ne a ce a ɗaura musu aure. Wannan miƙa ta ne ga wanda ya cuce ta, ya ci gaba da yi kullum, da goron jama'a.

Masu kawo addini su kawo shi daidai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa an ɗauke wa al'ummarsa kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda aka tilasta babu haddi a kanta, hukunci yana kan wanda ya tilasta, har da biyan ta sadakin irinta. Ba mazinaciya ba ce, wadda aka zalunta ce. Shi ya sa nake ƙin kalmar nan da muke yawan faɗa, wai "an lalata ta". Ba ta lalace ba. Wanda ya yi ne lalatacce.

Ta fuskar doka kuma, mai unguwa da mai gari da sarki suna da hurumin sasanta rigimar gona, aure, gado da bashi. Fyaɗe babban laifi ne, ba ya cikin abin da ake kashewa a fada. Basarake na gari shi ne wanda zai ce muku ku wuce gaba, ya ma haɗa ku da ɗan rakiya.

Kai ƙara

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe, in kuma yaron bai kai shekara 13 ba, daga 15 zuwa 30. Hukunci yana ƙara nauyi idan mai laifin mahaifi ne, ko malami, ko wani mai iko a kan wanda aka yi wa.

A cikin gari ana zuwa kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, a nemi sashen da ke kula da mata da ƙananan yara. A ƙauye ana zuwa wurin jandarmomi. Ana kuma iya rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Maradi, musamman in kun ga ana jan ƙafa a ƙasa. Ku tafi da kofin takardar likita, da kayan da aka naɗe, da salular, da takardar haihuwar yaro in akwai, don shekaru suna canza hukunci. Sau da yawa 'yan sanda za su ba ku tasu takardar zuwa ga likita, ku kai ko da an riga an duba ta.

Ga wani abu da mutane ke sakaci da shi. Bayanin da kuka yi da Hausa, da Faransanci ake rubuta shi. Kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, ku ce a karanta muku a fassara, layi-layi. In an rubuta abin da ba ku faɗa ba, ku ce a gyara. Ku rubuta ranar da kuka zo da sunan wanda ya karɓe ku. Ku nemi kada a haɗa yarinya da wanda ake zargi a benci ɗaya ana jira.

Talauci ba ya hana samun mai tsaya muku. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali da shawarar shari'a da lauya kyauta, kuma tana da ofis a manyan kotuna. Akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, akwai ma'aikatar jiha mai kula da mata da kare yara, akwai alƙalin yara. Ana iya roƙon kotu ta yi zaman a rufe, ana kuma iya neman diyya. Ku sani shari'ar babban laifi tana ɗaukar lokaci, alƙalin bincike zai kira ku fiye da sau ɗaya, kuma a tsakanin ne matsin dangi yake tsananta. Ku sani kuma da zarar magana ta isa hannun hukuma, janyewarku ba lalle ta tsayar da ita ba, don laifin an yi wa al'umma ne gaba ɗaya.

Idan babbar mace ce, ita ke da ta cewa. Ku faɗa mata hanyoyin, ku raka ta in ta zaɓa, kada ku kai maganarta ko'ina ba da izininta ba. An riga an ƙwace mata iko da jikinta sau ɗaya. Idan yaro ne kuwa, kare shi nauyi ne a kan manya, ba a barin yaro ya yanke wannan.

Kada 'yan'uwa maza su ɗauki adda. In sun yi, su ne za su kwana a kaso, yarinya kuma ta ɗauki wannan ma ta ɗora wa kanta. Kada kuma a sa hotonta ko sunanta ko unguwarsu a Facebook da WhatsApp da sunan neman mata hakki. Abin da ya shiga salula ba ya fita.

Bayan 'yan jaje sun watse

Jiki yana warkewa kafin zuciya. Za ku ga firgita cikin barci, fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da bari, ƙin abinci, yawan wanka, fushi ba dalili, ko shiru kamar an ɗauke mata harshe. Wata kuma za ta yi ta dariya da wasa kamar ba abin da ya faru, sai a ce ai ƙarya ta yi. Duk waɗannan fuskoki ne na ciwo ɗaya. Ɗiyar maƙwabciyata ta fi wata shida ba ta iya jin ƙamshin awara ana soyawa, sai ta tashi ta shige ɗaki. Uwar ta bar sana'ar ta koma ƙosai, ba ta ce mata komai ba. Ban taɓa ganin lallashi irin wannan ba.

A yi addu'a, a yi tofi, duk alheri ne, amma kada a ce aljanu ne a bar likita. Kada a kulle ta a ɗaki, kada a tura ta ƙauye kamar ita ce abin kunyar, kada a yi mata gori ranar da ta yi laifin yara. Ta koma cikin hidimar gida da ƙawayenta a hankali. In 'yar lakwal ce ta koma aji. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare 'ya mace da ke karatu da riƙe ta a makaranta, ku je ku ga darakta a keɓe.

In kun ji tana cewa gara ta mutu, ko ta gaji da duniya, kada ku ce "a'uzubillahi, bar faɗa" ku wuce. Ku zauna ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa mutum ya yi, sauƙi take kawowa. A kawar da piya-piya da shinkafar ɓera da maganin ƙwarin gona da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta likita a ranar a nemi mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kai kuma maigida, in matarka ce, wannan ranar ce za a san ko kai wane ne. Tun 2019 da 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Gidan Runji da Madarunfa, suka kuma addabi ƙauyukanmu na bakin iyaka, mata nawa aka ɗauke aka dawo da su? Wadda ta tsira daga daji ta dawo ta iske takardar saki, an kashe ta sau biyu. Ka raka ta likita da ƙafarka, ka bi shawarar likita kan kusantar juna har awon ƙarshe ya fito, kada ka matsa mata, ka kuma rufe bakin danginka.

Yara maza ma ana yi musu, kuma sun fi 'yan mata shiru, don suna tsoron sunan da za a laƙaba musu. Almajirin da ke kwana a shago, yaron gareji, ɗan aike a tasha. In yaro yana tafiya da ƙyar, yana ƙin zama, yana kuka wurin kashi, ko ya tsani zuwa wurin wani mutum da a da yake so, a bincika a hankali. Duk abin da na faɗa a sama, ban da maganin hana ciki, ya hau kansa, kwana ukun nan ma haka.

Tun kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin masu yin wannan ba baƙi ba ne: maƙwabci, mai shago, ɗan haya, malami, ɗan'uwa, wanda ake aikawa gidansa da tuwo. Don haka "kada ki kula baƙo" bai isa ba. Wurin wanka, uwa ta koya wa yaro tun yana shekara uku ko huɗu cewa inda wando ya rufe nasa ne, ba mai taɓawa, ba mai cewa ya taɓa nasa. Ta koya masa duk babban da ya ce "kada ka faɗa wa innarka", to a ranar ake faɗa wa inna. Mafi wuya shi ne alkawarin da za ki yi kuma ki cika: in ya faɗa ba za a doke shi ba. Yaron da ake duka don ya ɓatar da dala biyar ba zai kawo miki babbar magana ba.

Talla ba za ta ƙare gobe ba, da ita gidaje da yawa ke cin tuwo. Amma ana iya rage haɗarinta. Su tafi biyu-biyu, ba shiga ɗaki ko kango ko shago kai wa mai saye, in ya ce a biyo shi karɓar canji a bar masa, a dawo kafin magariba. Sama da duka, ranar da kaya suka yi kwantai ko kuɗi suka zube, kada a doke ta. Tsoron komawa gida da ragowar kaya shi ke sa yarinya bin wanda ya ce zai saye duka. Haka 'yan aikin da ake kawowa daga ƙauye, uwar ɗaki ta san inda suke kwana da wanda ke shiga wurin.

Maza kuma su yi maganar a inda mata ba sa zuwa. A fada wurin shan shayi, idan wani yana alfahari da yadda ya yi wa wata dabara ko ƙarfi, a samu mutum ɗaya da zai ce masa wannan sunansa fyaɗe. A roƙi liman ya sa ta cikin huɗuba, ya faɗi hukuncin mai yi, ya kuma faɗi cewa wadda aka yi wa ba ta da laifi. Mata a wurin biki da adashi su gaya wa juna maganar kwana uku da ta leda da ta wanka, don rashin saninsu ne ya ci mu a daren nan.

A makon nan, ki je CSI ɗin unguwarku ko ƙauyenku, ki gaida majo, ki tambaye shi ko suna da maganin kariyar sida na kwana 28 da ƙwayar gaggawa, in babu ina ake samu, kuma wa ke gadi da dare. Ki rubuta amsar a takarda tare da 17 da 18 da lambar mai kabu-kabun da kika yarda da shi, ki soke ta a bayan ƙofar ɗaki, ki nuna wa maigida da babbar ɗiyarki inda take.